Lauje Cikin Naɗi: Sakaya Zancen Turanci da Alƙalamin Bahaushe



Duk mai bibiyar shafukan koyon Turanci a Facebook da YouTube da TikTok ya san wani darasi da ba ya tsufa. Malami zai raba allo gida biyu, ya rubuta "kada ka ce" a hagu, ya rubuta "ka ce" a dama. Kada ka ce "he died", ka ce "he passed away". Kada ka ce "toilet", ka ce "restroom". Kada ka ce "poor", ka ce "underprivileged". Kada ka ce "they fired him", ka ce "they let him go". Daga nan sai ya rufe da cewa na dama shi ne Turancin wayayyu, na hagu kuwa na wanda bai goge ba. Matasanmu su kwafe a littafi su haddace, gobe ka gan shi a rubutunsu na Turanci, jibi ka tarar an juye shi zuwa Hausa a cikin labari ko rahoto.

Bature yana kiran irin waɗannan kalmomi "euphemism", kalmar da ya aro daga Girkanci, ma'anarta ta asali kyakkyawan furuci. Mu muna cewa sakaya zance, malaman harshe kuma su ce saye. Abin da nake so in kafa a makon nan shi ne, wannan allo mai gida biyu yana cutar da mai koyo, ya fi kuma cutar da mai son zama marubuci. Ya haɗa zuma da maɗaci a ƙwarya ɗaya, ya miƙa wa ɗalibi ya ce duka abin sha ne. Kalmomin da ke gefen dama ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wasu kunya ce ta haife su, wasu kuwa rufa-rufa. Marubucin da bai iya rarrabe su ba zai wayi gari yana yi wa azzalumi kwalliya da alƙalaminsa, alhali yana zaton ladabi yake yi.

Mu fara da kawar da wani raini. Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen sakaya zance, kuma ba ya jiran wani ya taso daga Landan ya koya masa. Mutum a wurinmu rasuwa yake yi, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah Ya yi masa cikawa, ko ya kwanta dama. Mace tana da juna biyu, in lokaci ya yi ta sauka. Wanda fitsari ya matsa wa kama ruwa zai yi, ko ya ce bari in zagaya, wurin kansa kuma bayan gida muke ce masa, ko makewayi. Da dare tsofaffi ba sa ambaton maciji, igiyar ƙasa suke cewa. Aljanu mutanen ɓoye ne. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mata da yawa har yau ba sa kama sunan miji, sai su ce maigida ko Malam ko Alhaji. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya riga ya yi saukar karatun sakaya tun kafin ya ga ƙofar firamare.

Saboda haka kashi na farko na sakayar Bature ba zai ba mu wahala ba, domin 'yan uwan namu ne. "Passed away" ɗan uwan "ya rasu" ne. "She is expecting" 'yar uwar "tana da juna biyu" ce. Ba'amurke yana cewa "restroom" ko "bathroom", mutumin Ingila ya ce "loo", duk dai gudun ambaton abin da ake yi a ciki, kamar yadda muke gudu. Ita kanta "toilet" ɗin da malamin yake hana ka faɗa, asalinta sakaya ce. Daga Faransanci ta zo, sunan ɗan ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin kwalliya, har ta rikiɗe ta zama sunan makewayi, ta ɗauki warinsa, aka shiga neman wata. Wannan kashi ba ni da ja a kansa. A koye shi, a yi amfani da shi inda ya dace. Wanda zai rubuta wa Bature ta'aziyya ya ce masa "your father is dead" bai yi ƙarya ba, amma ya yi rashin ta ido.

A koye shi kuma da kyau, domin akwai ramuka a hanya. Idan likitan dabbobi a Ingila ya ce zai yi wa kare "put to sleep", ba barci zai sa shi ba, allurar mutuwa zai yi masa. A Turancin Najeriya "she put to bed" haihuwa ake nufi, amma a kunnen mutumin Ingila "put to bed" kwantar da yaro ne ya yi barci. Fim ɗin da aka ce "adult" ne ba wai na dattawa masu hankali ba ne, na batsa ne. Wanda ya ce maka yana "between jobs" zaman kashe wando yake yi. Jaridun Ingila in suka ce ɗan siyasa ya kasance "tired and emotional", cewa suke ya bugu, suna kauce wa ƙarar ɓata suna. In suka ce wani yana "helping the police with their inquiries", kada ka yaba masa da taimako, yana hannu ne ana tatsar bayani daga bakinsa. In kuma Bature ya fara maka magana da "with all due respect", ka gyara zama, yanzu zai gaya maka cewa shirme ka faɗa. Mai koyon da bai san waɗannan ba zai fassara fata ya bar nama.

Kashi na biyu shi ne inda lauje yake cikin naɗi. Waɗannan kalmomi ba a zauren makoki ko ɗakin mai jego suka samo asali ba. A ofis aka ƙera su, a teburin manajan kamfani da kakakin soja da mai rubuta wa minista jawabi. Kamfani zai kori mutum dubu, sanarwa ta ce an yi "downsizing", wato an rage girma, kamar tela ya rage wa riga faɗi. Da kalmar ta fara wari sai aka koma "rightsizing", wato an mayar da abu daidai girmansa, ka ga ke nan wanda aka kora shi ne ya yi yawa tun farko. "They let him go" da ake koya wa ɗalibanmu a matsayin ladabi, ma'anarta sun bar shi ya tafi, sai ka ce shi ne ya matsa sai ya tafi, su kuma suka haƙura. Magidancin da ya koma gida da takardar kora a aljihu, yara biyar suna jiran kuɗin makaranta, bai amfana da taushin kalmar ba ko da ƙwayar zarra. Wanda ya sa hannu a takardar ne ya sami barci.

A fagen yaƙi abin ya fi muni. "Collateral damage" ma'anarta ɓarnar gefe, ɓarnar da ta biyo baya ba don ita aka fito ba. Kalmar ta cika kunnen duniya a yaƙin Tekun Fasha na 1991, daga bakin masu magana da yawun sojan Amurka. A watan Fabrairu na shekarar, jiragen Amurka suka saki bama-bamai a kan mafakar Amiriyya da ke Bagadaza, fararen hula fiye da 400 suka hallaka a ciki, akasarinsu mata da yara. Irin wannan ne kalmar take lulluɓewa. Babu jini a cikinta, babu gawa, babu uwar da take tonon toka tana neman ɗanta. Sai dai kalma ba ta da ubangida. Timothy McVeigh, tsohon sojan da ya yi wannan yaƙi, ya tayar da bam a birnin Oklahoma a 1995, ya kashe mutum 168, daga ciki 19 yara ne. Da aka zo maganar yaran, da wannan kalma ya kira su. Amurkawa suka kaɗu, domin yanzu a kan 'ya'yansu aka ɗora ta, sai suka ji nauyinta.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta riƙa gana wa fursunoni azaba. A ɗaure mutum, a rufe masa fuska da ƙyalle, a kwarara masa ruwa har ya ji yana nutsewa, ko a hana shi barci kwana da kwanaki. Sunan da aka raɗa wa wannan aiki shi ne "enhanced interrogation", wato ingantacciyar tambaya. Sai a Disamba 2014, da kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya fitar da rahotonsa, jama'a suka ga dalla-dalla abin da ingancin yake nufi. A yaƙin Bosniya kuma duniya ta koyi "ethnic cleansing", tsabtace ƙasa daga wata ƙabila, kamar mutanen shara ne da ake kwashewa. A garin Srebrenica, cikin watan Yuli 1995, an kashe maza da samari kimanin 8,000, kotun duniya kuma ta kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi. Ko ƙarya ma an ɗinka mata riga. A 1986, a gaban wata kotu a Ostareliya, lauya ya ƙure babban sakataren gwamnatin Birtaniya, Robert Armstrong, sai ya kare kansa da kalmar "economical with the truth", wato tattalin gaskiya. Tun daga ranar kalmar ta zama abin ba'a a Ingila.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Kakanninmu sun ɗanɗana wannan Turanci tun kafin su iya karanta shi. A 1900 Birtaniya ta ayyana Arewa a matsayin "Protectorate", wato ƙasar da aka ɗauka a ƙarƙashin kariya, ba tare da an tambayi masu ita ko suna neman mai kare su ba. A Fabrairu 1903 sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano, a Maris suka ci Sakkwato, a Yuli suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa. A 1906 aka kashe mutum kusan 2,000 a Satiru, aka shafe garin. Takardun Turawan mulkin mallaka suna kiran irin wannan aiki "pacification", wato kwantar da tarzoma da wanzar da zaman lafiya. Bayan shekara arba'in da Satiru, a 1946, marubucin Ingila George Orwell ya rubuta maƙala a kan siyasa da harshen Ingilishi, ya lissafa wannan kalma cikin waɗanda ake amfani da su don ambaton ta'asa ba tare da hotonta ya zo wa mai sauraro a zuciya ba. Ɗan Hausa da ya haddace "pacification" a matsayin Turanci mai daɗi, bai san a kan ƙabarin wa yake tsaye ba.

To yaya za a rarrabe? Ba sai da ƙamus ba. Tambaya biyu sun isa. Ta farko, wa mayafin ya rufe, wanda aka cuta ko wanda ya yi cutar? Ta biyu, bayan an sakaya, mai sauraro ya san abin da ya faru ko an makantar da shi? In aka ce maka wane ya rasu, ka san ya mutu, za ka tashi ka nufi jana'iza. Ba a ɓoye maka komai ba, an dai tausaya wa kunnenka da zuciyar iyalinsa. In aka ce mace ta sauka, ba wanda zai tambaya daga kan me. Sakayar kunya ke nan, kowa ya san abin da ke ƙarƙashin mayafin. Amma in aka ce maka an sami "collateral damage", an tsara maganar ne don kada ka tambayi mutum nawa, su wane ne, wa ya danna. Bahaushe yana yi wa kura kirari da Amina, amma bai taɓa ba ta ajiyar nama ba, domin sunan bai rufe masa ido ba. Sakayar ofis so take ka ji Amina ka miƙa naman.

Abin da ya sa na kawo maganar nan wannan zaure shi ne, kashi na biyun ya riga ya tsallako cikin Hausa, kuma ta alƙalaminmu ya shigo. Yawancin labaran da muke karantawa da Hausa daga sanarwar Turanci aka fassaro su, mai fassara kuma yana sauri, sai ya ɗauko rigar tare da laujen da ke cikinta. Sanarwa ta ce "lost their lives", mu ce sun rasa rayukansu. A ambaliya ko kifewar kwale-kwale wannan ba laifi. Amma in mutum ne ya ɗana bindiga ya harbe su, "sun rasa rayukansu" ta fitar da maharbin daga cikin jimlar, ta bar mamatan kamar su ne suka yi sakaci da ransu ya faɗi a hanya. Mu ɗauki Tudun Biri a jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023. Marubuci na iya cewa wani iftila'i ya auku a wurin taron Maulidi. Yana iya cewa mutane da dama sun rasa rayukansu. Yana iya kuma cewa jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Maulidi, ya kashe aƙalla mutum 85, rundunar sojan ta ce kuskure ne. Duka ukun babu ƙarya a ciki, amma ta ukun ce kaɗai ta ba mai karatu abin da zai riƙe ya nemi bahasi.

Haka sauran suke. Sanarwa ta ce "neutralised", mu ce an kawar da su, ba mu sani ba kashe su aka yi ko kama su, kuma su wane ne. Sanarwa ta ce "clashes", mu ce rikici ya ɓarke, ko da kuwa masu bindiga ne suka afka wa ƙauye mutane suna barci. Rikici sai da ɓangare biyu, wanda aka yanka a kan tabarmarsa bai yi rikici da kowa ba. Wanda ya saci akuya a kasuwa ɓarawo ne, wanda ya kwashe kuɗin asibiti kuwa sai mu ce ya karkatar da kuɗi, kamar ruwa ne ya sauya magudana. An yi wa yarinya fyaɗe, mu ce an ci zarafinta, kalmar da muke amfani da ita ga wanda aka zaga a bainar jama'a. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin da aka kira "Structural Adjustment Programme", wato daidaita tsarin tattalin arziki. Abin da talaka ya gani shi ne faɗuwar naira da tsadar kaya da korar ma'aikata. Har yau in za a ƙara kuɗin mai ko na wuta sai a ce "price adjustment", mu ce an daidaita farashi, kuma da wuya ka ji daidaitawar ta yi ƙasa. A 2019 Najeriya ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, kurkuku ya zama gidan gyaran hali. Mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi, kotu ba ta ce suna da laifi ba. Wane hali ake gyara wa mutumin da ba a tabbatar ya ɓata ba? Wannan kitso ne a kan ƙwarƙwata.

Kalmar da ta fi ba ni takaici in na ga ana gudunta ita ce talaka. Malamin allo ya ce "poor" ba ladabi ba ce, a ce "underprivileged" ko "less privileged", mu kuma muka bi, muna jin kunyar rubuta talaka, sai marasa galihu da masu ƙaramin ƙarfi. In gaba da gaba kake da mutum, ka tausasa masa, ba laifi. Amma talaka a Hausa kalma ce mai tarihi. Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa suka mayar da talakawa tuta, mutane suka sha ɗauri da bulala a ƙarƙashinta. Duk inda aka ce talaka, kunne yana jiran ɗaya ɓangaren, wato mai mulki, sai tambayar hakki ta taso. Marar galihu kuwa sadaka kawai yake jira. Marubucin da ya musanya ta farko da ta biyu ya sauke tuta ya ɗauki ƙoƙon bara, yana ganin ci gaba ya yi.

Akwai wani kashi da ya tsaya a tsakiya, wato sunayen da ake kiran masu nakasa, kuma Turanci ya bar mana darasi a kansa. A farkon ƙarni na 20, "idiot" da "imbecile" da "moron" kalmomin likitoci ne na auna raunin ƙwaƙwalwa. Suka zama zagi, aka kawo "retarded", ita ma ta zama zagi, har a 2010 Amurka ta yi dokar cire ta daga dokokin tarayya, aka sa "intellectual disability". Masanin harshe Steven Pinker ya kwatanta wannan da injin motsa jiki da ake gudu a kansa ba a zuwa ko'ina: muddin rainin yana nan, sabuwar kalma za ta ɗauki warin tsohuwa. A kira mutane da sunan da suka yarda da shi, wannan hakkinsu ne, kuma in sun zaɓi masu bukata ta musamman mu bi su. Sai dai kada marubuci ya ɗauka aikinsa ya ƙare a nan. A Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a Najeriya, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar da mai keken guragu zai shiga. Shekara biyar ɗin sun cika. Fita ka zaga ofisoshi da bankuna da makarantun garinku ka ƙirga matakala, sannan ka dawo ka rubuta.

Na san wasu za su ɗauki wannan magana a matsayin lasisi. Masu cika littattafan WhatsApp da Wattpad da batsa sun daɗe suna kare kansu da cewa gaskiya suke faɗa ba rufa-rufa. A'a, 'yan uwa, ku koma ga tambayar farko. In marubuciya ta ja labule a ƙofar ɗakin amarya, wa ta cuta? Wane azzalumi ne ya tsira? Mai karatu ya san abin da ke bayan labulen, ba a tauye masa komai ba. Abin mamaki shi ne, alƙalamin da ba ya kunyar siffanta tsiraici shafi goma, shi ne yake rawa in an zo kiran ɓarawon gwamnati ɓarawo. Mun cire mayafi daga inda ya dace, mun kai shi inda bai dace ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ba kullum ce ranar wanka ba, kuma ba a tsakiyar kasuwa ake yi ba.

Wasu kuma, musamman masu aikin jarida, za su ce akwai doka, akwai ƙarar ɓata suna, akwai tsoron rai. Wannan hanzari ne mai ƙarfi, ba zan raina shi ba. Amma a lura, "ana zargin" ba sakaya ba ce, adalci ne. Wanda kotu ba ta kama da laifi ba, ka ce ana zarginsa da sata, ka faɗi adadin kuɗin, ka faɗi wanda yake zargin. Ka kiyaye doka, kuma ba ka ɓoye komai ba. Abin da nake yaƙa shi ne a tausasa sunan laifin kansa, a mayar da sata karkatarwa, a mayar da kisa rasa rai. In kuma hukuma ce ta yi amfani da kalmar, ka jingina mata abinta: rundunar ta ce ta kawar da mutum kaza, amma ba ta bayyana ko kashe su ta yi ba. Da wannan ɗan ƙarin ka mayar wa mai karatu idonsa, ba ka kuma zagi kowa ba.

Ku masu ƙagaggun labarai, a nan ribarku take. Sakayar ofis kayan aiki ce mai kyau in kun san bakin da za ku sa ta. A bar manajan da ke cikin labari ya tara ma'aikata ya ce kamfani zai yi 'yan gyare-gyare. A bar kwamishina ya ce an sami ɗan ƙalubale a harkar tsaro. A bar surukar da ta hana mai naƙuda zuwa asibiti ta ce kwana ne ya ƙare. Sannan mai ba da labari ya bi ma'aikacin har gida, ya nuna mana shi yana tsaye a soro ya kasa shiga. Tazarar da ke tsakanin abin da manajan ya faɗa da abin da mai karatu ya gani, ita ce za ta tona halinsa ba tare da kun ce masa mugu ba. Amma ranar da muryar mai ba da labari ta fara magana da yaren manajan, labarin ya koma sanarwa. Haka kuma in dattijuwa ce a labarinku take sanar da mutuwa ko ciki, ku ba ta sakayar gidanmu, kada ku sa mata "passed away" da aka juye da Hausa har ta ce wane ya wuce. Tana da nata, kuma sun fi.

Don haka ku ci gaba da kallon darussan Turanci, ku kwafe allon duka, hagu da dama. Na kunya ku koye su don ku yi amfani da su, na rufa-rufa ku koye su don ku gane su in an jefo muku. Ga kuma aikin wannan mako ga mai so: ka ɗauki rahoto ɗaya na Hausa da ka karanta yau, ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da aka yi wa wani wani abu amma ba a faɗi wanda ya yi ba, sannan ka sake rubuta ta da mai aikatawa a gaba. Ku ajiye mana abin da kuka samu a nan ƙasa, mu duba tare. Wanda kuma yake ganin na yi tsauri a wani wuri, fili nasa ne, ya kawo hujja.

Allah Ya tsare alƙalumanmu daga zama mayafin zalunci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.